Raddi Ga Mai Cewa Ƙota Mai Tauri Ita Ce Ta Gwani

Wani dattijonmu a nan Gwaram, wanda ya riga mu sanin filin ƙwallon lambu na Dutse da marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya assasa, yana hore wa masu koyo cewa kada su sayi sanda sai mai ƙota mai tauri. Hujjojinsa uku ne. Malam, Allah ya ƙara girma, ga amsarsu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka ce ƙota mai tauri ta fi kai ƙwallo nesa. Wannan ya danganta da hannun da ke riƙe da ita. Idan ɗan wasa ya sauko da sanda, ƙotar takan lanƙwasa, sannan ta miƙe daf da bugu, ta tura kan sandar gaba. Wannan miƙewar tana taimaka wa ƙwallo ta tashi sama. Mai wurga sanda da saurin mil 85 a awa ba zai lanƙwasa ƙotar da aka ƙera wa mai mil 110 yadda ya kamata ba. Sai ƙwallonsa ta tafi ƙasa-ƙasa, ta faɗi da wuri, in badame ne kuma ta riƙa kaucewa dama. Maharbin da ya ɗauki bakan da ya fi ƙarfin damtsensa, a gabansa kibiya za ta faɗi.

Na biyu, ka ce zancen lanƙwasa dabarar kamfanoni ce don su sayar da kaya. Tarihi bai goyi bayanka ba. Kafin hukumar wasan ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta Sikotland kuma a 1929, da itacen hikori ake yin ƙota, kuma tun a lokacin gwanaye suke gwada danƙon kowace da hannu kafin su zaɓa. Da irin wannan ƙotar Bobby Jones ya lashe manyan gasa huɗu a 1930. Inda kake da gaskiya shi ne haruffan L, A, R, S da X da ake liƙa wa ƙota don nuna taurinta ba su da ma'auni ɗaya: S ɗin wani kamfani na iya zama R ɗin wani. To, ai wannan hujja ce a kan a gwada sanda kafin a saya.

Na uku, ka ce ƙota mai tauri zakarun duniya suke riƙewa. Haka ne, domin saurinsu ya haura mil 110, alhali yawancin masu wasa don nishaɗi ba sa kai 95. Su ma da za a ba su ƙota mai taushi, ƙwallo za ta yi sama fiye da kima, ta warwatsu. Kowa da gwargwadonsa ke nan. Ga kuma nauyi da ka bari a baya: ƙotar girafayit ta dogon bugu takan kai giram 60, ta ƙarfe kuwa wajen 120, kuma wannan ma yana sauya sauri.

Don haka, matasan Gwaram da Birnin Kudu, kafin ku fitar da kuɗinku, ku ari sanda mai R da mai S, ku buga da kowace a wurin atisaye, ku sayi wadda ta fi miƙar muku da ƙwallo. Allah ne mafi sani.