'Yan fim da 'yan kwamfuta, me ya raba mu ne?

Jama'a, daren Juma'ar nan muna zaune wajen mai shayi a Barunde, sai musu ya kaure tsakanin abokaina biyu 'yan GSU a kan fim ɗin Interstellar. Wai da gaske mutum zai iya tafiya sararin samaniya ya dawo ya tarar 'yarsa ta tsufa ta bar shi? Har sha biyun dare ana ta lissafi a bayan takardar burodi, babu wanda ya yi hamma.

Washegari na je wani taron koyon kwamfuta. Turanci zalla, allo cike da rubutu. Ana raba satifiket rabin ɗakin ya watse.

Abin ya tsaya mini a rai. Ai yaran nan ɗaya ne! Wanda ya kwana yana musun taurari shi ne yake gyangyaɗi a gaban malamin kwamfuta.

A jihar Michigan ta Amurka akwai taron da ake kira Penguicon, tun 2003 aka fara shi. Masu son labaran kimiyya na ƙirƙira da masu rubuta manhajar da kowa ke da ikon dubawa, gyarawa da rabawa kyauta, irin su Linux, duk wuri ɗaya suke haɗuwa. Marubuci ya yi mafarkin abu, mai kwamfuta ya ce bari mu gwada ginawa.

Kar wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro da ya yi tafiya sararin sama, da Hausa tsantsa. Kakanninmu sun riga mu yin mafarkin, mu ne muka yi sake.

Na san wasu za su ce ɓata lokaci ne, ga jarrabawa a gaba. Wasu kuma suna tsoron shigar banza irin ta waje. To wa ya ce dole sai mun kwaikwayi komai? Mu ɗauki abin da ya dace da tarbiyyarmu, mu bar sauran.

Shawarata: Asabar ɗaya, aji ɗaya. Da safe a karanta gajerun labarai kan yadda Gombe za ta kasance a 2075. Bayan azahar a buɗe kwamfuta, wasu su rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, wasu su naɗi muryarsu a Common Voice na Mozilla don na'ura ta koyi jin harshenmu. 'Yan mata ma a ba su fili, ba zaman 'yan kallo ba.

Wallahi in ba mu koya wa na'ura Hausa da kanmu ba, wasu za su koya mata gurɓatacciya, kuma mu dawo muna saye da kuɗinmu.

'Yan GSU, 'yan Kashere, 'yan FCE, wa zai nemo mana aji? Ni dai na ɗauki nauyin shayi.