Kafar da aka toshe, wayar da aka manta

A Oktoban 2016 aka toshe wata kafa a zuciyar manhajar Linux, wadda aka laƙaba wa suna Dirty COW. Ta shekara tara a ɓoye. Ta cikinta ƙaramar manhaja kan iya ƙwace ikon na'ura ɗungurungum, tamkar bara ya wayi gari riƙe da hatimin hakimi. Android kuwa bisa Linux aka gina ta.

Makon jiya a Babban Mutum na duba tsohuwar wayar baffana, wadda ake turo masa kuɗin gyaɗa ta cikinta. Gyaran tsaronta na ƙarshe: Agustan 2016. Kafar tana nan a buɗe.

Ya ce, "Malam, nawa ne gyaran?" Na ce kyauta ne, Baffa, sai dai kamfanin da ya ƙera wayar ya daɗe da daina aiko shi.