Ƙwallon Raga a Mai Wurno: A Yi Lissafi Kafin a Ɗora wa Yaro Buri

Ana yawan ba matasa labarin ɗan wasan da ya fara buga ƙwallon raga a filin unguwa, malami ya hango tsayinsa, ya shiga gasar makarantu, ya wuce jami'a, ƙarshe ya sa rigar ƙasa. Labari ne mai daɗin ji, amma masu ba da shi ba sa faɗin abin da aka kashe a hanya, balle wanda ya biya. Mu ɗauki yaron Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a Sudan, a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, shekaru kaɗan bayan yaƙin Burmi na 1903, mu bi sawunsa.

Farkon wasan ba shi da tsada, shi ya sa yake ruɗar mutane. Sanda biyu, igiya, ƙwallo ɗaya, yara shida a kowane ɓangare, shi ke nan. To amma ƙasar wannan yanki baƙar laka ce. Da damina ta caɓe, da rani ta bushe ta tsattsage. Yaron da ya yi tsalle ya dira a kanta ba takalmi, idon sawunsa da gwiwarsa ne ke biya. Ƙwallon kuma ƙaya ɗaya ta ishe ta, sai a koma karo-karo. Lokacin wasa bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba, saboda zafin rana, kuma a lokacin ne gida ke neman yaro ya ɗebo ruwa ko ya koro dabbobi. Idan riɗi ya nuna ba ya jiran kowa, in aka makara yankansa zubewa yake a gona. Duk yaron da ke fili a ranar, wani ne ya ɗauki aikinsa, galibi ƙaninsa ko uwarsa.

A sakandare kuɗin ke fara fitowa fili. Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, ta mata 2.24, filin kuwa mita 18 a tsawo da 9 a faɗi. Wanda zai riƙa tashi sama da wannan raga kullum yana bukatar takalmi mai kyau, abin kare gwiwa da abinci mai gina jiki. Yatsa ya gurɗe wajen tare ƙwallo, kafaɗa ta motsa, sai an kai shi asibiti a Sinnar, kuɗin mota da na magani duk daga aljihun uba. Ga kuma jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, wadda makinta ke yanke kwalejin da ɗalibi zai shiga. Taura biyu ba ta taunuwa a shekarar jarrabawa, kuma tsalle ba ya ƙara maki a darasin lissafi.

Lissafin 'ya mace ya fi nauyi. Gaskiya ne an soke dokar da ke taƙaita sutura da zirga-zirgar mata a ƙarshen 2019, kuma a shekarar aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta mata a Sudan. Amma yarinyar ƙauye har yanzu tana bukatar fili mai katanga, malama mai horarwa, da mai rakiya idan za a tafi gasa. Abin da za a faɗa a kanta a gari ma kuɗi ne, kuma ita kaɗai za ta biya.

A ce yaron ya tsallake duk wannan ya shiga Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ko wata a Khartum. Me ke jiransa bayan ya gama? A Masar akwai Al Ahly da Zamalek, a Kenya akwai ƙungiyar hukumar gidajen yari, a Najeriya kwastam da jami'an tsaron farin kaya suna da ƙungiyoyin da ɗan wasa ke samun aiki ta hanyarsu. A Sudan kuɗin wasanni wajen ƙwallon ƙafa yake tafiya. Ƙwallon raga ta shiga gasar Olamfik tun 1964, amma lambar Olamfik ɗaya tak da Sudan ta taɓa ci a tsere ce, azurfar Isma'il Ahmad Isma'il a mita 800 a 2008.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairu 2025. Garin Singa ma ya faɗi a 2024. An rufe makarantu, da yawa suka zama mafakar 'yan gudun hijira, jarrabawar 2023 kuwa sai a ƙarshen 2024 aka rubuta ta. Hatta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Al Hilal da Al Marrikh, masu kuɗi da magoya baya, sai da suka koma buga gasa a Muritaniya. Shekarun ƙuruciya da ɗan wasa ya rasa ba sa dawowa.

Duk da haka ban ce a kwance raga ba. Yaron da ya ga yaƙi yana bukatar abin da zai haɗa shi da tsaransa ya sa shi dariya, kuma wannan wasa yana yin haka da kuɗi kaɗan. Abin da nake ƙi shi ne a nuna masa wasan a matsayin hanyar cin abinci alhali ba a gina hanyar ba.

Iyaye da malamai, ku bar yara su buga, amma karatu da sana'a ne gaba. Masu hali na gari da 'yan uwa mazauna waje, ku daidaita fili, ku sayi ƙwallo, ku ware kuɗin magani tun kafin wani ya ji ciwo. Duk wanda ya zo yana yi wa ɗanku alkawarin jami'a ko ƙungiya, ku tambaye shi wa zai biya idan gwiwa ta lalace. In bai ba da amsa ba, kada ku sa hannu.