Murfin taga na roba: a bar shi fari



Duk mai kallon hotunan gidajen Amurka da Ingila ya san murfin tagar nan da ake kafawa ta cikin ɗaki, mai siraran alluna a jere a kwance, ana karkata su kamar gilashin luba, a rage haske ba tare da an toshe iska ba. Turawa na kiransa da sunan manyan gonakin kudancin Amurka, inda bayi suka noma auduga har aka haramta bauta a 1865. Yau sunan ya koma na ƙawa. Duniya ke nan.

Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa yanzu ba katako ba ne. Robar PVC ce, ko garin katako da aka lulluɓe da roba. Wasu na raina su, wai jabu ne. Ni ban ga abin raini ba. Roba ba ta kumbura da danshi, shi ya sa ake sa ta a kicin da banɗaki. Gara ba ta cin PVC, kuma duk wanda gara ta taɓa cinye masa ƙofa ya san darajar wannan. Ƙurar hunturu kuwa tsumma mai ruwa ya ishe ta.

Inda nake da ja shi ne wanda aka buga wa zanen jijiyar itace, wai sai ya yi kama da maɗaci. Daga nesa ya burge. Ka matso, sai ka ga zane ɗaya yana maimaita kansa a kowane allo, alhali babu itace biyu da suka taɓa fitowa iri ɗaya. Ga shi launi mai duhu yana shan zafi, roba mai araha kuma idan ta sha ranar watan Afrilu tana iya lanƙwashewa. Katako ya lanƙwashe, kafinta zai fere shi ya gyara. Roba sai dai a canza.

Abin dariyar, salon da ake kwaikwayo ɗin an fi saninsa da farin fenti. Farar roba ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kamanninta ɗaya da katakon da aka shafe.

Sai a kula da nauyi. Robar ta fi katakon da suke amfani da shi nauyi, don haka faffaɗan murfi kan sunkuya da daɗewa. Idan tagarka babba ce, ka sa a raba murfin gida uku ko huɗu, ka kuma tambaya ko an zura alminiyum a cikin allunan.