Zanen Buɗe Waya: Kada Mu Bar Makulli A Bakin Ƙofa

Sanin kowa ne cewa tun daga 15 ga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum, harkar kuɗi a ƙasar nan ta canza salo. Takardar kuɗi ta yi wuyar samu, ciniki ya koma cikin waya, musamman ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamban 2024 ya ƙara tura jama'a buɗe asusun banki. Don haka a kasuwar Gallabat, inda fatake ke hada-hadar riɗi da dawa da gahawa tsakaninmu da Matamma ta ƙasar Habasha, wayar ɗan kasuwa ita ce lalitarsa, ita ce kuma littafin bashinsa.

Abin tambaya shi ne, da me muke kulle wannan lalita? Da yawanmu da zane ne, wato jan yatsa a kan ɗigo tara da ke fitowa a gilashin waya. Wannan tsari ya zo da wayoyin Android tun 2008, kuma ya karɓu saboda sauƙinsa. Wanda bai yi boko ba ma yana iya riƙe zane a ka, ya buɗe wayarsa da hannu ɗaya yana auna kaya da ɗayan. Wannan alheri ne, ba kuma za mu ce a watsar da shi ba.

Sai dai sauƙin nan yana da tsada. A lissafi, ana iya haɗa zane iri 389,112 daga ɗigon nan tara, amma mutane kaɗan suke ɗauka daga ciki. A 2015 wata mai bincike a ƙasar Norway, Marte Løge, ta duba zane kusan 4,000, ta tarar kashi 44 cikin 100 daga kusurwar sama ta hagu suke farawa, kashi 77 kuma daga ɗaya cikin kusurwa huɗu. Wasu ma siffar harafin farko na sunansu ko na ɗansu kawai suke zanawa. Ke nan ɓarawo ba ya bukatar boka kafin ya canka.

Babban haɗari a kasuwa irin tamu shi ne ido. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2017, tsakanin makarantar horar da sojan ruwa da Jami'ar Maryland, ya nuna cewa mai leƙe daga gefe yakan kwashe zane da kallo ɗaya tak a kusan kashi 64 cikin 100. Idan an kashe layin da ke bin yatsa, sai abin ya sauko zuwa kimanin kashi 35, idan kuwa lambar sirri ce mai ƙwaya shida, kusan kashi 11. Tun a 2010 kuma masana a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa maiƙon yatsa yana barin sawun zanen a gilashi. To, ina ga hannun da ya yini cikin riɗi da zufa, yana buɗe waya sau da dama a tsakiyar dillalai da 'yan dako?

Wani zai ce ai manhajar banki tana da tata kalmar sirrin. Gaskiya ne, amma wanda ya buɗe wayarka ya samu saƙonnin da banki ke aikowa, ya samu WhatsApp ɗinka, yana iya neman kuɗi wurin abokan cinikinka da sunanka. Asarar kuɗi da sauƙi a kan asarar amana, domin da ita ake fatauci a kan iyaka.

Saboda haka muna ba 'yan kasuwarmu shawara. Wanda zai iya riƙe lamba shida, ya koma kanta, amma ban da shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarsa. Wanda zane ya fi masa sauƙi, ya shiga saitin waya ya kashe layin da ke bayyana, ya fara daga tsakiya ko gefe, ya haɗa ɗigo shida ko fiye, layukan su gitta juna. A riƙa kare gilashi da tafin hannu lokacin buɗewa, a kuma goge shi. Kada a rubuta kalmar sirrin banki cikin wayar, kada kuma a faɗa wa mai caji ko mai gyara zanen in ba dole ba. In an faɗa, a canza shi a ranar. A tuna kuma cewa zanen da aka manta kan kai ga wanke waya ɗungurungum, don haka lissafin bashi ya zama yana nan a takarda.

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da malamanmu da gidajen rediyo su wayar da kan jama'a a kan wannan, matasa kuma su taimaka wa dattawa wajen saiti cikin amana. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.