RANAR SOYAYYEN DANKALI A AMURKA: MU INA RANAR YAJINMU?

Daga Wakilinmu a Oshodi

Kwanakin baya na je wani suna a Oshodi, ana cikin hira sai ɗan wana, yaron da aka haifa a nan Ikko, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, dubi wannan." Ko da na duba sai na ga ashe mutanen Amurka sun keɓe ran 23 ga watan Maris na kowace shekara don bikin soyayyen dankali da abin dangwalarsa. Watau a yanka dankalin Turawa siriri, ko a murza ƙullun masara, a soya ya yi ƙarau, sa'an nan a haɗa tumatir da albasa da barkono, ko madara mai tsami, ko fiya, a riƙa dangwala ana ci. Ba hutu ake ba ma'aikata ba, ba kuma addini ne ya kawo ta ba. Masu kantuna da kamfanonin da ke soya abin su ne ke kururuta ta, domin ciniki ya ƙaru.

Dattawan da ke wurin suka yi dariya, wani ya ce wannan aikin ƙoshi ne. Ni ma na dara. Amma da aka fito da faranti sai dariyar ta koma ciki, gama abin da ke gabanmu tsire ne da ƙosai da awara da soyayyiyar doya, ga kuma yaji a gefe kowa na dangwala. Ashe abin da Bature ya yi wa rana muna da wanda ya fi shi, sai dai mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Duk wanda ya san Ikko ya san cewa biki ba ya cika a garin nan sai an kira mai suya. Tun daga Obalende har Agege, da yamma ta yi za ka ga hayaƙin tukuba na tashi. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba daga Arewa suke zuwa. Tumatir da tattasai da albasa da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga gonakin Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi suke, dankalin Turawa kuwa daga Bokkos da Mangu a Jihar Filato. Yajin kansa ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da kanumfari da masoro, matan aure ne ke dakawa a cikin gidaje. Kalmar suya ma ta shiga babban ƙamus na Turanci na Oxford, kamar yadda aka sanar a farkon 2025.

To, amma wa ke cin ribar wannan suna? Ku shiga manyan kantunan Ikeja ku duba. Za ku tarar da yajin tsire a kwalba, da ƙuli-ƙuli da kilishi a cikin leda mai ado, da sunan kamfani da lambar NAFDAC a jiki, kuɗinsu kuma ya ninka na bakin titi. Ku karanta sunan mai kayan, da wuya ku ga namu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kasuwa suka gani suka shiga. Mu ne dai muka zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mutum ya shekara ashirin a gaban wuta, idanu sun yi ja, amma har yau teburin nan ne guda da fitila, in ya kwanta ciwo mako biyu jari ya karye.

Bakin titin kuma da muka dogara da shi ba shi da tabbas. Waɗanda suka daɗe a Oshodi ba su manta da watan Janairu na 2009 ba, lokacin da gwamnatin Fashola ta rushe rumfunan da ke kan hanya da gefen layin dogo. A 2016 aka rushe kasuwar Owonifari, a 2019 kuma aka buɗe sabuwar tashar motoci ta zamani. Dokar hana talla a kan titi tana nan, yaran da ke bin motoci da soyayyiyar agada kullum a guje suke. Wanda ba shi da shago, ba shi da rajista, ba ya cikin ƙungiya, ran da katafila ta iso ba shi da mai jin kukansa.

Saboda haka shawarata ita ce, shugabannin Hausawa na Agege da Oshodi da Idi-Araba da Mile 12, tare da sarakunan fawa da ƙungiyoyin masu suya, su zauna su tsai da rana guda a shekara ta tsire da yaji da ƙuli-ƙuli. A ganina watan Nuwamba ya fi dacewa, domin sabuwar gyaɗa ta shigo, kuma ana dab da bukukuwan Disamba, lokacin da masu biki ke neman wanda zai yi musu aiki. A nemi fili da izinin ƙaramar hukuma, a kafa rumfuna, a gayyaci maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo da masu otal, a ɗanɗana, a karɓi lambar waya, a ƙulla ciniki. A ware rumfa ta mata masu daka yaji da masu awara, domin su ne ba a gani alhali kuwa rabin aikin nasu ne.

Na san wani zai ce wannan kwaikwayon Nasara ne, mu Sallah biyu gare mu. Gaskiya ne, kuma ba Sallah ta uku nake nema ba. Ranar kasuwa ce, irin wadda kakanninmu suka sani tun ba a haifi Amurka ba. Wani kuma zai ce ana fama da tsadar abinci, wa ke ta biki? Shi ma ya yi gaskiya, shi ya sa ban ce a ci bashi a yi shagali ba. Cewa na yi a fito da haja a sayar. Ku dubi ranar dafa-duka da matasa ke yi ran 22 ga Agusta, ba gwamnati ce ta kafa ta ba, amma kamfanonin tumatirin gwangwani da na shinkafa sun rungume ta. Senegal ta kai shinkafa da kifinta gaban UNESCO an amince da ita a 2021. 'Yan'uwanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista, don kada wani ya ɗauki sunan ya liƙa wa kayansa. Mu me muke jira?

Sai dai kafin a gayyaci baƙo a share gida. Naɗe tsire a tsohuwar jarida ya kamata a bari, domin tawada ba abinci ba ce. Gyaɗar da ta yi funfuna kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A rufe nama daga ƙura da ƙuda, a tanadi ruwan wanke hannu, wanda ke yanka kada ya zama shi ke karɓar kuɗi. In rajista ta fi ƙarfin mutum ɗaya, goma su haɗu su yi da suna ɗaya, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron da ya nuna mini wayar nan ya san ranar dankalin Amurka, amma bai san da me ake haɗa yajin da yake dangwala ba, alhali da kuɗin tsire ubansa ya biya masa makaranta. Wannan laifinmu ne mu manya, ba nasa ba. Ina roƙon shugabanninmu su sa maganar nan a taronsu na gaba, masu karatu kuma su aiko mana da ra'ayinsu. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da mu gida lafiya, amin.