Kafin a yanka sabbin filayen masana'antu, a waiwayi Kakuri

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ba zai manta da ayarin ma'aikatan da kan ɗunguma da sanyin safiya a kan kekuna suna nufar Kakuri ba. Ni ma a cikin wannan unguwa na buɗi ido, kuma na ga lokacin da albashin masaƙa ke riƙe da gidaje, da masu tuwo-tuwo, da masu gidan haya. A yau idan na bi ta Kakuri, abin da nake gani shi ne dogayen katangu, da rufin da ya yi tsatsa, da ciyawar da ta haɗiye harabobi.

Wannan fili kuwa ba haka kawai ya zama unguwar masana'antu ba. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ita ce ta jawo kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Bayanta UNTL da Arewa Textiles suka biyo, aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, sannan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Abin da ya jawo su ba arhar fili ba ce kawai. Akwai layin dogo, akwai ruwan kogin Kaduna, akwai wutar lantarki, akwai kuma audugar Funtuwa da Gusau da Zariya. Da wuta ta yi ƙaranci, aka kuma cika kasuwanni da atamfar fasa-ƙwauri, sai KTL ta rufe a 2002, UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Filin yana nan inda yake, abubuwan da suka ba shi daraja ne suka gushe.

Na kawo wannan tarihi ne saboda yadda ake tallata filayen jama'a a yanzu. Tun daga 2015 Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADIPA domin zawarcin masu zuba jari, da hukumar KADGIS domin rajistar filaye, aka kuma fara taron KADINVEST a 2016. Ko shakka babu an ga amfanin wannan yunƙuri. Kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Ƙaramar Hukumar Cikun a 2017, an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a 2018, kuma a 2025 aka aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona a kan hanyar Abuja tare da Bankin Raya Afirka. Yabon gwani ya zama dole. To amma mai karatu zai lura cewa yawancin sababbin ayyukan daji ake nufa da su, inda sai an karɓi gonakin talakawa, an kuma kai hanya da wuta da ruwa daga farko, alhali ga Kakuri da ke da layin dogo da tituna tana kwance.

Tambayar da ke damuna ita ce: ina ƙaramar hukuma a cikin wannan ciniki? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon filayen birni, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da izinin gargajiya a karkara. Idan kuwa aka karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Ke nan Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda Tudun Wada da Kakuri da Makera ke cikinta, ba ta da ta cewa a kan wanda za a ba fili a cikinta. Amma idan masana'anta ta rufe, ƙofarta matasa marasa aiki ke tsayawa, kuma ita ake tambaya game da shara da magudanan ruwa. An ci ladan kuturu a sama, an bar mata aski.

A nawa ganin, abubuwa uku ne suka kamata. Na farko, gwamnatin jiha ta zauna da masu tsofaffin masana'antu, ciki har da kamfanin NNDC na jihohin Arewa 19, a ƙididdige filayen da ke zaune babu aiki, a tsara yadda za a rarraba su ga masu son aiki na haƙiƙa. Na biyu, duk filin jama'a da za a ba mai zuba jari a ɗaure shi da sharaɗi a rubuce: yaushe za a fara gini, mutum nawa za a ɗauka, kuma idan wa'adi ya cika ba a yi ba, fili ya koma hannun hukuma. A buga sharuɗɗan kowa ya gani, domin kada filin da aka karɓa daga manomi da sunan masana'anta ya rikiɗe ya koma rukunin gidajen sayarwa. Na uku, a ba ƙaramar hukuma da masu unguwanni kujera a teburin da ake yanke shawara. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kamata su ma su riƙa sa hannu wajen gyara hanyoyi da magudanan da ke ƙara wa fili daraja.

Bugu da ƙari, kada neman baƙo ya sa a manta da ɗan gida. A kasuwar Panteka da ke Tudun Wada akwai maƙera da masu walda da kafintocin da ke ƙera injin niƙa, da ƙofofi, da tukwane, a cikin matsi da ƙarancin wuta. Waɗannan ba sa buƙatar a je wata ƙasa a roƙe su. Da za a yanka musu ƙananan filaye a Kakuri, da wuta tsayayya da haya mai sauƙi, da an ga ayyukan yi tun kafin babban kamfani ya gama zagaye filinsa da katanga.

Ƙasa amana ce, kuma dokar ma haka ta kira ta. Wanda aka ba amana kuwa dole ya faɗa wa masu ita abin da ya yi da ita. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan nauyi, amin.